Malam Kalilu da Ƙofar Kudu

A Tungar Maliki aka haifi Kalilu, wata 'yar tunga a ƙasar Kurawa, wadda ko lokacin da take cike da mutane, in ka tsaya bakin rijiya ka ɗaga murya kowa zai ji ka. Shi ne ɗan farin Hajo, don haka tun yana goye ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Da ya girma ya zama malami sai Allah ya kawo mata sauƙi, ta bi sahun jama'a tana ce masa Malam.

Ya yi kiwon tumakin mahaifinsa kamar kowane yaro, sai dai ba ya dawowa daga daji hannu banza. Ko mataccen batir, ko guntun waya, ko murfin tocila, sai ya tsinto ya tura ƙarƙashin gado. Hajo ta sha kwashe su da shara, shi kuma ya bi juji ya tsince abinsa, bai ce uffan ba. Da wannan rashin magana ya tashi. Ya yi sakandare a Isa, a gidan wani kawunsa, in an tashi ya wuce rumfar mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma wayar hannu, daga nan Allah ya buɗa masa hanya ya tafi Sakkwato, babbar makarantar koyon fasaha. Da ya gama ba su sake shi ba. Suka ba shi riƙon ɗakin gwaji, yana goge tebura yana haɗa wa ɗalibai kayan aiki, a hankali a hankali har ya kai ga tsayawa gabansu da alli. Bai ɗauke iyalinsa ba. Matarsa Fatu tana tunga wajen Hajo, shi kuma duk hutu yana gida.

Abin da yake koyarwa ya daɗe yana ba shi wuyar faɗa wa mutanen gida. A rediyo mutum-mutumi ake ce wa irin na'urorin da yake haɗawa, amma nasa ba su yi kama da mutum ba ko kaɗan. Ba su wuce girman akushi ba, da ƙafafun roba biyu, da wasu 'yan idanu biyu a goshi masu jefa sauti su saurari dawowarsa, kamar yadda aka ce jemage yana yi. Matan unguwa da suka gan su suna rarrafe sai suka sa musu kunkuru, sunan kuwa ya bi su har bakin ɗalibai. Aikin Kalilu shi ne koya wa masu karatun injiniya yadda za su sa kunkuru ya san inda yake. Yakan ce tafiya ba wuya gare ta ba, ko garwa ka tura sai ta gangara. Sanin inda kake tsaye, shi ne karatun.

Shekarar da daji ya ɓaci, mahaifinsa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Yan bindiga suka matsa wa tungayen yankin, yau a kore shanu, gobe a hana noma, har mutanen Tungar Maliki suka ɗaure abin da za su iya ɗauka suka watse. Kalilu ya samo wa nasa haya a Sabon Birni, gidan wani Alhaji Labbo mai sayar da hatsi. Gidan ƙasa ne, zaure ɗaya da ɗaki biyu, dukansu ƙofarsu yamma take kallo. Aka ba Hajo na gefen kudu, wanda garken awakin Alhaji yake jingine da bangonsa.

Tun kafin gudun, yanar ido ta fara rufe wa Hajo gani. Da aka zo gari sai ta ƙarasa, ba ta ganin komai sai hasken ƙofa, shi ma kamar farin ƙyalle a nesa. Hankalin kuma ya soma zuwa yana tafiya. Wata rana ta san kowa, har ta tambayi farashin gero. Wata rana ta tashi tana tunga, tana aiken jikoki gidajen mutanen da ba wanda ya san inda suka nufa. Duk safiyar da Kalilu yake gari sai ya durƙusa bakin gadonta ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, Sabon Birni muke, gidan Alhaji Labbo." Yana da yaƙinin in aka yi ta maimaitawa wata rana zai zauna mata.

Ɗakinta na tunga ƙofarsa kudu take. Tun tana amarya, in za ta yi salla sai ta sa ƙofa a hannun dama, ta shimfiɗa buzu, shi ke nan ta fuskanci gabas. A haka ta haifi 'ya'ya, ta binne waɗanda ta binne, ta yi takaba. Da aka kawo ta ɗakin da ƙofarsa take yamma, sai ta laluba hasken nan ta sa shi a dama kamar kullum, ta kabbara tana kallon kudu.

Fatu ce ta fara lura. Ta riƙa juya buzun a ɓoye, Hajo ta taɓa shi da ƙafa ta mayar. Ta kama kafaɗunta za ta juya ta, tsohuwa ta fizge.

"Mi kuka so da ni? Shekara nawa ina salla cikin ɗakin ga, yau za a gwada mani gabas?"

Kalilu ya je wajen limamin unguwa. Liman ya ce a ƙyale ta, wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa, kuma Allah ya san nufinta. Da a ce hankalin ya tafi gaba ɗaya ne, da maganar ta ƙare nan. To, yana dawowa. Wata rana da take garau, wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa ta iske ta tana sallamewa, ta ce, "Subhanallahi! Inna, ai kudu kinka diba." Can Hajo ta kira Fatu ta tambaye ta ko gaskiya ne, kuma tun yaushe. Fatu ba ta iya ƙarya ba, ta ce tun zuwansu.

Ranar Hajo ta yarda aka juya ta. Aka tsayar da ita gabas sak, ƙofa a bayanta. Ta ɗaga hannu za ta kabbara, ta sauke. Ta sake ɗagawa, ta sauke.

"Arewa ta wagga," ta ce. "Jikina bai yarda ba. In na bi ku, zuciyata ta ce arewa. In na bi zuciyata, ku ce kudu. Ba ni tsayi gaban Ubangijina in ba shi kahwaɗa."

Daga ranar ta daina salla. Ba ta daina alwala ba. Da an kira salla, sai ta laluba butarta ta yi alwala tsaf, ta shimfiɗa buzu, ta zauna a kai da tasbaha a hannu har lokaci ya fita. Matar da ko ranar da ta binne ɗa ba ta jinkirta la'asar ba. Abinci ma ta rage, sai 'yar fura, ita ma da lallashi. Fatu ta ce da a ce kuka take yi da ya fi sauƙin kallo.

A haka dogon hutu ya zo, Kalilu ya dawo gida da kwali uku na kunkuru da shugaban sashensu ya ba shi aro. Akwai ɗalibansa 'yan Sabon Birni da Isa da suke shekarar ƙarshe, hanya kuma ba ta biyuwa kullum, ya ga gara ya tara su a gida da su zauna hannunsu ya mutu. Zauren gidan daɓen siminti gare shi. Suka jera kwalayen taliya suka yi bango da lunguna, kamar wani ɗan gari, suka zana taswirarsa a kwamfuta. Da hantsi suke farawa, azahar ta tashe su.

A fuskar kwamfutar akwai ɗigo-ɗigo masu yawa, kamar an watsa wa kaji tsaba. Kalilu ya nuna su da tsinke.

"Kun ga tsabar ga? Kowace ƙwaya zato ta. Kunkuru shina cewa, ƙila nan nike, ƙila can nike. Ku diba abin da za ta yi in ya taka."

Kunkuru ya gangara, ya tsaya, ya jefa sautinsa ga kwali, ya ƙara gaba. Duk ƙwayar da ba ta dace da abin da ya ji ba sai ta ɓace, masu dacewa su ƙaru, har tsabar ta taru wuri ɗaya kamar tsibin gero a masussuka. Wurin kuwa shi ne daidai inda yake a daɓe. Sai Kalilu ya sunkuya ya ɗauke shi cak, ƙafafunsa suna juyi a iska, ya dire shi a wani lungu. Tsibin nan bai motsa ba, yana can tsohon wuri. Kunkuru ya taho da ƙarfinsa ya daki kwali.

"Bai san an ɗauke shi ba," in ji Kalilu. "Don haka ko ya tabbata, ku bar mishi 'yan ƙwayoyi warwatse ko'ina. Ranar da anka ɗauke shi, su za su cece shi. Wanda ba ya shakka ko kaɗan ba ya gane ya ɓace."

Ya ba su aikin, kowa ya rubuta wa nasa. Cikin ɗaliban akwai Talha, ɗan Isa, mai kai amma mai gaggawa, da Mardiyya, 'yar nan garin, wadda ba ta barin ta kwana. Nata kunkurun da aka ɗauke shi ya ɗan yi dawurwura, ya juya, ya juya, sannan tsabar ta yi ƙaura ta same shi. Talha kuwa ya cire warwatsattsun ƙwayoyin tun farko, don ya ce suna sa nasa rawar jiki. Da aka ɗauke shi aka dire, ya miƙe zai daki bango. Kalilu ya juya yana amsa sallamar wani a ƙofa, Talha ya sa ƙafa ya ja kwali ɗaya gefe, ya tura wani, kunkuru ya wuce sumul kamar ya san hanya.

"Injiniyan kwali!" in ji Mardiyya. "Malam, a taho a gani, an tashi gari don baƙo ya wuce."

"Ke dai baƙin ciki ka damunki. Ya isa ko bai isa ba?"

"Ya isa mana. Kai da shi duka sai an yi cigiya."

"Malam, Allah kunkuruna bai yi ƙarya ba. Kwalin na ya zamna inda bai kamata ba."

Sauran suka fashe da dariya. Kalilu bai yi ba.

"Talha, in anka kai shi asibiti ya raba magani ɗaki-ɗaki, bango za ka bi kana turawa da ƙahwa? Na'ura aka gyarawa, ba a gyara mata duniya. Maida kwalin."

Talha ya mayar yana sosa ƙeya. Daidai nan aka kira azahar. Ta ƙofar zaure ta ciki Kalilu ya ji ƙarar buta, da zubar ruwa a ƙasa, a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Ya tsaya da kunkuru a hannu har ɗalibai suka fice. Da ya dawo daga masallaci ya leƙa ɗakin Hajo. Tana zaune bisa buzu, ruwan alwala bai bushe a goshinta ba, fuskarta ba gabas ba, ba kudu ba, ta karkata tsakani.

Da la'asar sakaliya ya sami Fatu tana tankaɗe, ya tsuguna kusa da ita.

"Za ni huda ƙohwa ta kudu a ɗakin Inna, in toshe ta yamma."

Fatu ta ajiye rariya.

"Malam, in ka yi haka ai ka maida ta tunga ke nan. Kai da kullum kaka ce mata Sabon Birni muke. Ba za ta sake sanin inda take ba."

"Na sani."

"To ba ruɗi ba na?"

"Alƙibla ba ruɗi ba ta. In ta sa ƙohwa dama, gabas ta gaskiya za ta diba." Ya ƙara da cewa, "Na so ta san inda take, Fatu. Na so ƙwarai. Amma abin da yar rage mata ƙwaya guda ta, hasken ƙohwar ga. Ba ni da wata da za ni watsa mata."

Fatu ta ɗauki rariyarta. Ta ce in za a yi, a yi duka: gado ya koma bangon arewa, randa bayan ƙofa, ƙusar rataye buzu a gabas. Ita ta share wancan ɗakin shekara da shekaru, ta san mazaunin komai.

Saura mai gida. Alhaji Labbo mutum ne mai kirki, amma ba ya son a taɓa masa gini. Ya saurari Kalilu a rumfarsa yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce a'a. Bangon ƙasa ne, damina ta ƙarato, in aka huda shi yanzu ruwan fari zai kwantar da ɗakin. Awakinsa kuma ina zai kai su?

"Malam, kai da ka yi boko mai zurhi, tsohuwa ta ruɗe sai a rushe gida? Gobe in ta ce rijiya na tsakar ɗaki, gina za mu yi?"

Kalilu ba mai jayayya ba ne. Ya ce ya ji, amma yana roƙon Alhaji ya biyo gobe da azahar ya gaida tsohuwa, ko ba komai ta kwana biyu ba ta jin daɗi. Alhaji ya zo. Fatu ta ɗaga labule, ya tsaya daga bakin ƙofa zai yi sallama, sai ya fasa. Hajo ta gama alwala, ta shimfiɗa buzu, ta tsaya. Ta ɗaga hannu har kunne, ta juya kaɗan, ta sake juyowa, ta sauke hannun, ta zauna. Ba ta san da mutum a wurin ba. Alhaji ya koma zaure ya zauna bisa wani kwali har ya lotsa shi.

"Kullum haka?"

"Sau biyar."

Alhaji ya shafa fuska. Ya ce a sa azara ta giginya a saman ƙofar, mai kauri, kada a sa masa wani katakon banza. Magini kuma nasa za a kira. Awaki a kai su gidan ƙanensa.

Aka mayar da Hajo ɗakin Fatu. Magini ya zo da sangwami da ma'auni, ya ja layi a bangon kudu, ya fara sara a hankali don kada ginin ya tsage. Ɗaliban ba wanda ya ce su zo, suka zo. Suka ajiye kwamfuta, maza suka naɗe wando suna cuɗa ƙasa da ƙafa, Mardiyya tana miƙa ruwa tana yi musu tsiya cewa yau dai an ga amfanin karatunsu. Talha yana ɗauke da tubali ya wuce kusa da malaminsa, ya rage murya.

"Malam, ashe ana gyara duniya."

"Ba a yi ma na'ura dai," in ji Kalilu. "Kuma aikinka na nan na jiranka, ba ka ci ba."

Aka toshe ƙofar yamma, aka yaɓe ta ciki da waje. Aka share kashin awaki, aka zuba yashi, aka kewaye wurin da zana ya haɗe da tsakar gida. Suka jira laka ta sha iska, Kalilu yana duban sama safe da yamma, don gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Allah ya riƙe ruwan. Fatu ta jera kaya yadda ta faɗa, har tsohuwar ƙwaryar da Hajo take rufe randa da ita.

Ranar da aka mayar da ita, da hantsi ne. Fatu ta riƙo hannunta suka zagayo ta sabuwar hanya. A bakin ƙofa Hajo ta saki hannun. Ta shiga, ta miƙa hagu ta taɓa randa, ta taka ta iske gado inda ƙafarta ta zata, ta zauna.

Da aka kira azahar Kalilu bai tafi sahun farko ba, abin da bai saba ba. Ya tsaya jikin zana. Ta fito ta yi alwala, ta koma, ta kai hannu ga ƙusa ta sauko da buzu. Ta laluba haske ta sa shi a dama. Ta ɗaga hannu, ta kabbara da 'yar muryarta da ta shaƙe, ba ta sauke ba sai da ta kai su inda ake kaiwa. Fatu ta toshe baki da gefen zane. Kalilu ya tsaya har ta yi ruku'u, sannan ya juya da sauri ya nufi masallaci, ya sami raka'ar ƙarshe.

Da ya dawo ya iske ta a bakin sabuwar ƙofa, tana shan fura da kanta, rana tana dukan ƙafafunta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Bakinsa ya ɗauko maganar Sabon Birni da ya saba, ya haɗiye ta.

"Malam," ta ce, "rana ta yi yawa ƙohwar ga. Ina inuwar ɗorawa? Sare ta anka yi?"

Ɗorawar tana ƙofar ɗakinta na tunga. Wani da ya ratsa ta can ya taɓa gaya wa Kalilu cewa masu gawayi sun kwantar da ita tun bara.

"An sare ta, Inna."

"Ba a ko tambaye ni ba." Ta kurɓi fura, ta goge baki. "To, a yi mani rumhwa kahin ruwa ya sauka. Kuma a cika mani buta, la'asar ba ta da nisa."